Kotun Ƙoli: Hukunci na hannun alƙalai, aiwatarwa na hannun 'yan siyasa

A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. An yi ta murna a ranar. Sai dai watanni suka shuɗe ana kai-komo kan buɗe asusu a Babban Banki, gwamnoni kuma ba su saki linzami ba. Wannan ya isa ya nuna inda ƙarfin kotun ya fara da inda ya tsaya.

Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya buɗe wa kotun ƙofofi biyu. Ta farko, a sashe na 232, ita ce ta rigimar da ke tsakanin gwamnatin tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha, wadda ake shigarwa kai tsaye. Ta wannan ƙofa Kaduna da Kogi da Zamfara suka bi a 2023 kan sauya fasalin naira. Ta biyu, a sashe na 233, ita ce ta ƙararrakin da aka ɗaukaka daga Kotun Ɗaukaka Ƙara: rikicin fili, gado, kwangila, zaɓe, har da hukuncin kisa.

Alƙalai aƙalla biyar ne ke zama kan ƙara, amma idan batun fassara tsarin mulki ne ko haƙƙin ɗan Adam, ko rigimar gwamnatoci, sai bakwai. Kowanne yana bayyana ra'ayinsa, rinjaye kuma shi ne hukunci. A ƙarar da aka ɗaukaka, ba a saba kiran shaidu ba; alƙalai kan duba kundin shari'ar da hujjojin lauyoyi su tantance ko an bi doka. Shi ya sa ƙa'ida kan rinjayi yawan ƙuri'a. A 2019 kotun ta soke nasarar APC a Zamfara baki ɗaya saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani. A Janairun 2024 kuwa ta mayar wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'u sama da 165,000 da kotunan ƙasa suka soke masa a Kano.

Lokaci ma ba a raba shi daidai ba. Sashe na 285 ya wajabta kammala ɗaukaka ƙarar zaɓe cikin kwana 60. Wanda ke jiran hukuncin rataya ko gwauruwar da ke neman gonar mijinta ba su da irin wannan wa'adi, don haka duk kakar zaɓe sai a tura su bayan layi.

Sashe na 235 ya ce babu wata kotu a gabanta, in ban da ikon afuwa na shugaban ƙasa ko gwamna. Sashe na 287 kuma ya ɗora wa dukkan hukumomi nauyin aiwatar da hukuncinta. To amma kotu ba ta da 'yan sanda, ba ta da baitulmali. Lokacin da ta yi umarni a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun naira su ci gaba da aiki, sai da aka kwashe kwana goma kafin Babban Banki ya bi, jama'a na kwana a layin banki.

Saboda haka gyaran da ya kamata matasa su matsa wa majalisa a kai iri biyu ne: a taƙaita ƙararrakin da ke isa kotun, sannan a tanadi hukunci mai ciwo ga jami'in da ya yi kunnen uwar shegu da umarninta. Muddin bijire wa Kotun Ƙoli bai jawo wa gwamna ko minista asarar komai ba, talakan da ya yi nasara a gabanta takarda kawai zai koma gida da ita.