Hukuncin Jirgin Roba da Abin da ke Bayansa

 Ya ku 'yan'uwa malaman allo da alarammomi, da ku alhazai fatake masu hawa da sauka tsakanin Kano da Gumel da Maigatari har Damagaram, ina so mu tattauna wata mas'ala wadda a ido ƙarama ce, har wani ya ce ba ta isa a ɓata mata tawada ba. Ita ce mas'alar yaran nan da samari masu ƙera jirgin sama na roba. Na ji malamai sun rabu biyu a kanta a zaure. Waɗansu sun ce sura ce, haramun. Waɗansu sun ce ko da ba haramun ba ce, lagawu ce mai raba yaro da allonsa. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne halal ce, kuma hana ta hasara ce a kanmu, amma da sharuɗɗa waɗanda zan ambata.

Bari in fara bayyana abin, don wanda bai taɓa gani ba, gama hukunci a kan abu ba ya inganta sai an san siffarsa. Iri biyu ne. Akwai wanda ake sayowa cikin kwali, gunduwa-gunduwa, an zuba shi da wata roba mai tauri. Mai shi zai yanke kowace gaɓa da reza, ya goge bakinta da samfefa, ya haɗa da gam bisa zanen da aka sa masa a ciki, sa'an nan ya yi fenti. Wannan ba ya tashi, ajiye shi ake yi ana kallo. Turawan Ingila suka fara irinsa tun 1936, daga baya kamfanin Airfix ya shahara da shi, kana Revell da Tamiya na Japan. A can ba yara kaɗai ke yi ba, har dattawa masu furfura su kan share watanni a kan jirgi guda. Na biyu shi ne namu na gida, wanda yaro zai tsinto fasasshiyar jarka da bututun roba da gwangwani da waya, ya yanka, ya gasa a wuta ya lanƙwasa, har jirgi ya fito da fukafukai da farfela. Wannan jikan motar kara ne, wadda babu wanda ya tashi a ƙasar Gumel bai fafe karan dawa ya yi ta ba lokacin kaka, har waɗanda yau su ke zaune bisa buzu suna hana ta.

To, batun sura. Abin da malamanmu na Malikiyya suka tabbatar, kuma mai son dubawa ya duba babin walima cikin Muhtasar na Halilu da sharhohinsa, shi ne haramcin yana kan surar abu mai rai, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi. Jirgi kuwa ba shi da rai, hukuncinsa hukuncin kwale-kwale ne da amalanke. Ya zo cikin Buhari da Muslimu cewa wani mai sana'ar yin surori ya tambayi Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, sai ya nuna masa ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da abin wasa, doki mai fukafukai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya, bai hana ta ba. Abin da ya rage guda ne: cikin kwalayen nan na Turawa a kan sa ɗan mutum-mutumin matuƙi wanda ake zaunarwa a kujera. Wannan kam sura ce mai inuwa. Maganinsa ba wuya, a bar kujerar babu kowa, jirgi bai ragu da kome ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na raina masu ita. Gaskiya ne yaron da zuciyarsa ta rataya ga wani abu ya kan zo gaban malam da jikinsa, hankalinsa yana can. Amma ina tambaya: yaron da aka ƙwace wa jirginsa aka taka, allo ya ke komawa? Daga yammacin Laraba zuwa Juma'a ba mu karatu, haka muka gada. A cikin waɗannan kwanaki ina almajiranmu su ke? Suna tasha, suna gidan kallon ƙwallo, suna leƙen wayar wani. Idan aka auna wannan da zaman yaro a inuwa yana gwada fiffike da fiffike har su daidaita, ban ga yadda mai hankali zai zaɓi na farko ba. Haƙurin da ake bukata wajen jiran gam ya kama, shi ne haƙurin da ake bukata wajen jiran allo ya bushe. Hannun da ya iya jan layin fenti bai karkace ba, shi ne zai iya zayyana ranar sauka.

Yanzu ga inda na fi son a saurare ni, watau hisabi. Jirgin nan ba da ka ake yinsa ba, da ma'auni ake yi. Masu sana'ar suna da ƙa'ida: ɗaya cikin 72, ɗaya cikin 48, ɗaya cikin 32, ɗaya cikin 24. Ma'anarsa, kowace gaɓa ta jirgin gaskiya an raba tsawonta gida kaza an ɗauki ɗaya. Jirgin yaƙin Ingila da ake kira Spitfire, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 36 ne da inci 10. In an raba gida 72 sai ya dawo inci 6 da 'yar ɗoriya, a tafin hannu za a ɗora shi. In an raba gida 24, yadda Airfix suka fitar da shi a 1970, sai ya zama inci 18 da 'yan kai, kimanin kamu guda. Wannan su ke kira babban ma'auni. Jama'a, wane ɗalibin fara'ili ne bai san 24 ba? Ita ce mafi girman asalin mas'alolin gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji: mata sumuni, kashi 3, uwa sudusi, kashi 4, ɗa ya kwashe 17 da suka saura. Mu kan sha wuya kafin wannan ya zauna a kan ɗalibi, sabo da bai taɓa raba wani abu gida 24 da hannunsa ba. Yaron da ya yi wa fiffike da wutsiya da taya wannan rabo, ya ga da idonsa yadda kuskuren inci guda ke karkatar da jirgi duka, ranar da ya zo babin gado ba baƙo ba ne.

Akwai ma wani sirri a babban ma'auni wanda ƙaramin ba ya koyarwa. Idan aka ninka tsawon jirgi biyu, fentin da zai sha ya ninku huɗu, robar da ke jikinsa kuwa, in an ninka kaurinta tare, ta ninku takwas. Sai ka ga fiffiken da ya tsaya ƙyam yana ƙarami, da aka girmama shi ya sunkuya ƙasa, dole a zura masa ƙarfe ko sanda a ciki, kamar yadda magini ke sa azara a rufin soro. Yaron da ya gano wannan da kansa ya taka matakin farko na abin da injiniyoyi ke biyan kuɗi su koya.

Kada a ce wannan ilmi na waɗansu ne. Abbas bin Firnas, mutumin Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 887, ya ɗaura fukafukai ya yi tsalle daga tudu, ya yi 'yar tafiya a sama, amma wajen sauka ya ji ciwo a baya don bai yi wa kansa wutsiya irin ta tsuntsu ba. Malam Maƙƙari ne ya kawo labarin. Da ya fara gwadawa da ƙarami, da wutsiyar ta nuna kanta kafin bayansa ya biya. Su kuwa 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke ne. Asalin sha'awarsu wani ɗan abin wasa ne mai tashi, na takarda da gora da zaren roba, da ubansu ya kawo musu a 1878. Da ya lalace suka ƙera nasu. A 1901 suka yi akwati mai hura iska, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200 a ciki, sa'an nan a Disamba 1903 jirginsu ya tashi da mutum, daƙiƙa 12 a karon farko. A 1942, cikin yaƙin Hitila, hukumar Amurka da kanta ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 bisa ma'aunin ɗaya cikin 72, don sojoji su koyi rarrabe jirgin gida da na abokan gaba.

Mu fa? Jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925, kakanninmu suka fita kallo. An kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya a 1964. An buɗe filin jirgi a Dutse a 2014, alhazanmu sun sha tashi daga can zuwa ƙasa mai tsarki, tafiyar da a da ake yin shekaru a ƙasa ta Sudan. Shekara 100 ke nan muna hawa, har yau na wasu mu ke hawa. A 2007 jaridu suka ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa 'yan ƙafafu. Irinsa nawa ne aka kashe musu zuciya da bulala tun suna shekara goma?

Na juyo gare ku, alhazai 'yan kasuwa. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis babu irinta wajen dabbobi a wannan yanki, Allah ya ƙara mata albarka. Amma kun fi ni sanin abin da ya faru da aka rufe iyaka a Agusta 2019, ba a buɗe ƙofar Maigatari ba sai Disamba 2020, aka kuma sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. Arzikin da ke tsaye bisa wucewar kayan wani, takarda guda daga Abuja ko Yamai ta isa ta zaunar da shi. Tun shekarar 2000 aka keɓe fili a Maigatari, yankin ciniki maras haraji, da nufin a kafa masana'antu a ƙera kaya a fitar. To, ko an cika shi da injuna gobe, wa zai tsaya a kansu? In babu 'ya'yan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar masu sanin awo da zane, daga nesa za a ɗauko ma'aikata, namu su yi gadi da dako. Ku sani kuma, yadda ake zuba gaɓoɓin jirgin roba haka ake zuba bokiti da kujera a Sharaɗa da Bompai: a narka ƙwayar roba a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe. Injin ba shi ne wuya ba, kuɗi ke sayensa. Mai iya zana mazubin da sassaƙa shi daidai, shi ne ba a samu a kanti.

Sharuɗɗan da na ce zan ambata, na farkonsu gam. Wannan ba wasa ba ne, kowa ya san abin da sholisho ya yi wa yaran mutane, kuma gam ɗin roba ɗan'uwansa ne wajen wari mai juya ƙwaƙwalwa. Kada a bar shi a hannun ƙaramin yaro, babba ya riƙe, a yi aikin a sarari inda iska ke kaɗawa. Hayaƙin robar da ake gasawa ma guba ne, ba a yinsa a ɗaki. Sa'an nan wanda ya kai ga sa wa jirginsa inji don ya tashi, ya sani ya fita daga babin wasa. Tun 2016 hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa ta hana tada jirgi maras matuƙi sai da izni, mu kuwa a bakin iyaka mu ke zaune, cikin zamanin da jami'an tsaro ba su ɗaukar abin da ke yawo a sama da wasa. Batun kuɗi kuma, wanda ya tauye cefanen gidansa don sayen kwalin Ingila ya yi almubazzaranci, babu malamin da zai ba shi uzuri. Fasasshiyar jarka ta wadatar, ta ma fi koyarwa, don babu wanda ya yanka wa yaro gaɓoɓin, shi zai auna ya yanka. In lokacin salla ko na karatu ya yi, a ajiye reza.

Abin da na ke roƙo kaɗan ne. Malamin da ya ga almajirinsa da wannan baiwa, ya ba shi Alhamis, ya kuma sa masa sharaɗin ya rubuta awon kowace gaɓa a takarda kafin ya yanka, ya kawo a duba lissafin. Ku kuma alhazai, a cikin kayan da ku ke ɗaukowa daga Kantin Kwari da Sabon Gari ku haɗo da rula da tef na awo da samfefa da ɗan gwangwanin fenti, ku ba tsangayar unguwarku, kuɗinsu duka bai kai na ɗan akuya ba. In akwai mai zuwa Dubai ko Sin da zai sayo kwali guda na babban ma'auni, ya kawo a haɗa shi a zauren makaranta kowa na gani, don yara su san yadda zanen gaskiya ya ke, su gwada nasu da shi. Malamin da ke da hujjar da ta saɓa wa tawa a kan batun sura, ya rubuto ga wannan fili da sunan littafi da babi, mu karanta tare.