Jimla Maras Birki a Wasiƙar Ingilishi

 A wannan mako za mu ajiye Faransanci gefe guda mu leƙa Turancin Ingilishi, domin harshen nan ya daɗe da daina zama baƙo a gare mu. Alhazan Maraɗi da na Damagaram da na Ƙonni suna hulɗa da Kano da Legas tun kaka da kakanni, masu albasar Galmi suna kai kaya Akara da Kumasi, ga kuma masu sayayya a Dubai da ƙasar Sin, inda galibin takardun ciniki da Ingilishi ake yin su. Bugu da ƙari, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ma'aikacin da ke zaune a biro shi ma maganar ta shafe shi.

Akwai wani aibi da ya fi kowane yawa a wasiƙun Ingilishi da ke fita daga hannun mutanenmu, har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Masu harshen suna kiransa “run-on sentence”. Mu a nan za mu kira shi jimla maras birki, wato jimloli biyu ko fiye, kowace cikakkiya, an liƙa su wuri guda ba tare da alamar da za ta raba su ba, ba kuma kalmar da za ta ɗaura su.

Ga misali. Mai albasa ya rubuta wa dillalinsa na Kumasi, ko dillalin ya rubuto masa: “Send the goods on Monday we will pay.” Kalmomi takwas ne kacal, kuma babu kuskure a ko ɗaya daga cikinsu. To, amma ranar Litinin ɗin ta mece ce? In aya ta faɗa bayan “Monday”, ma'anar ita ce a aiko da kaya ranar Litinin, biya kuwa za a yi, amma ba a sa masa rana ba. In ta faɗa bayan “goods”, ma'anar ita ce a aiko da kaya yanzu, kuɗi su fito ranar Litinin. Yarjejeniya biyu ke nan cikin layi ɗaya, kuma ranar da rigima ta tashi kowa zai riƙe wadda ta fi masa daɗi. Albasa kuwa ba ta jiran a gama gardama, ruɓewa take yi cikin kamyo. Abin mamaki ne a ce mutanen da ke sayar da aya buhu-buhu su ne ke rowar aya guda a kan takarda.

Wannan misali ya isa ya kawar da wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane da yawa, cewa jimla maras birki ita ce doguwar jimla. Tsawo ba shi ne laifin ba. Lauya yana iya rubuta jimla mai kalmomi 80 wadda ba ta da aibi, domin kowane sashe nata an ɗaure shi da ɗan'uwansa. “I called he refused” kuwa kalmomi huɗu ne, kuma maras birki ce.

Aibin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda muka gani, inda babu alama ko kaɗan. Na biyu ya fi wuyar ganewa, shi ne kuma ciwon ƴan boko: a sa waƙafi kaɗai tsakanin jimlolin biyu, kamar “The truck left Maradi yesterday, it is now at Dan Issa.” Ga idonmu wannan daidai ne. Ga mai Ingilishi kuwa waƙafi ba shi da ƙarfin riƙe cikakkun jimloli biyu, kamar a ɗaure raƙuma biyu da zaren ɗinki ne.

Me ya sa muke faɗawa wannan rami fiye da wasu? Ba rashin ilimi ba ne, harsuna biyu ne ke tura mu ciki. Na farko Hausarmu. Muna cewa “suka tashi suka tafi kasuwa suka sayi gero suka dawo”, babu mai jin an rasa wani abu. Dalili shi ne kalmar nan “suka” aiki biyu take yi: tana nuna waɗanda suka yi aikin, tana kuma nuna cewa wannan aiki ya biyo bayan wancan. Ku gwada sa “sun” a gurbinta, za ku ji zaren labarin ya tsinke, kowane aiki ya tsaya shi kaɗai. Wato Hausa ta ɓoye mahaɗinta cikin ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau. Ingilishi ba shi da irin wannan. “They” ɗinsa ɗaya ne a ko'ina, ba ya ɗaure kome, don haka dole a kawo igiya daga waje.

Na biyu Faransancin da muka koya a lakwal. Duk wanda ya zauna a aji ya tuna da darasin “propositions juxtaposées”, inda mushe ke nuna cewa ana iya jera jimloli da waƙafi kawai, kuma hakan halal ne a nahawun Faransanci, har ma ado ne a hannun gwanaye. Abin da ya ba mu maki a Faransanci shi ne ke jawo jan alƙalami a Ingilishi. Littafin nan na William Strunk, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1918 kuma E. B. White ya sabunta shi a 1959, ya sa hana wannan ɗabi'a cikin dokokinsa na farko-farko, kuma makarantun ƙasashen Ingilishi a kan haka suke tafiya har yau. Na'urar fassara ta cikin salula ma ba koyaushe take ceton mutum ba: sau da yawa waƙafin da aka ba ta a Faransanci shi take mayarwa a Ingilishi, a gurbinsa.

To, yaya za a gane ta? Malaman nahawu za su ce a nemi ganga tsayayye, wato gungun kalmomi mai aikau da aikatau wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa. Gaskiya ne, amma ɗan kasuwa ba shi da lokacin wannan. Ga hanya mafi sauƙi: a mayar da abin da aka rubuta ya zama tambaya, irin wadda ake amsawa da i ko a'a. Jimla ɗaya tambaya ɗaya take haifarwa. In sai da tambaya biyu aka iya kwashe maganar, to jimla biyu ce. Ɗauki maganar motar nan: “Did the truck leave Maradi yesterday?” tambaya ɗaya. “Is it now at Dan Issa?” tambaya ta biyu. Inda tambaya ta farko ta ƙare, nan ne wurin birki. Wata alama kuma ita ce wakilin suna da ya ɓullo a tsakiyar layi. Duk inda aka ga “it” ko “he” ko “we” ko “they” ko “this” bayan waƙafi, aikatau na biye da shi, a tsaya a duba, domin galibi sabuwar jimla ce ta shigo ba sallama.

Gyara kuwa, mafi arha shi ne aya da babban baƙi. “The truck left Maradi yesterday. It is now at Dan Issa.” A wasiƙar ciniki ni wannan nake fifitawa a kan sauran duka, musamman inda akwai kuɗi ko rana ko adadin buhuna. Wasu suna jin kunyar gajerun jimloli, suna ganin kamar rubutun yara ne. Wanda ke karanta takardar a Legas ko a Gwanzu, wanda shi ma wataƙila Ingilishi ba harshen uwarsa ba ne, godiya zai yi.

Ana iya barin waƙafin a ƙara masa mahaɗi. Kalmomin da ke da wannan iko bakwai ne kawai: and, but, or, nor, for, so, yet. “The price is good, but the quality is poor.” Akwai kuma waƙafi mai ruwa, alamar nan da maɗaba'ar Aldus Manutius ta birnin Banis ta yaɗa a ƙarshen ƙarni na 15. Yana raba jimloli biyu masu kusancin ma'ana ba tare da ya yanke zumuncinsu ba. Yana da kyau a rahoto, amma a yi ta'ammali da shi kamar gishiri.

A nan ne tarko mafi girma yake, kuma manyan ma'aikata ne ya fi kamawa. Kalmomi irin su however, therefore, moreover, nevertheless suna da kama da mahaɗi, suna da nauyi a baki, suna tuna mana da “cependant” da “par conséquent” na wasiƙun gwamnati. Amma ba sa cikin bakwai ɗin nan. Shaidar ita ce suna yawo: ana iya cewa “The sugar, however, is missing” ko “The sugar is missing, however”, alhali “but” ba ya barin bakin ƙofa. Kalmar da ke yawo ba ta iya ɗaure kome. Saboda haka “We received the rice, however the sugar is missing” kuskure ne. Sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa bayan “rice”, sannan waƙafi bayan “however”. Haka ma “then”, wadda muke fassara “sai” da ita. Masu Ingilishi da kansu suna sassautawa a kanta cikin saƙon yau da kullum, amma a takardar hukuma a rubuta “and then”, a huta.

Gyara na ƙarshe shi ne ya fi buƙatar tunani, shi ne kuma ya fi amfani ga ma'aikaci. A mai da ɗaya daga cikin jimlolin ta dogara a kan ɗayar, da kalma irin because, although, when, if, after. Dubi wannan layi, irin wanda ake gani a rahoton taro: “The meeting was postponed, the director was absent, the report was not ready.” Abubuwa uku aka jera, ba a faɗi wanda ya haifi wani ba. An ɗage taron ne domin darekta bai zo ba? Ko darekta ya ƙi zuwa ne domin rahoto bai kammala ba? A ta farko nauyin yana wuyan darekta, a ta biyu yana wuyan wanda aka ba rubuta rahoton. Da zarar marubuci ya ɗauki “because”, dole ya zaɓi inda zai ajiye ta, dole ya san abin da ya faru. Ina zargin cewa wasu jimlolin marasa birki ba kuskure ba ne sam, mafaka ce ta wanda ba ya son a ce shi ya faɗa. Sai dai abokin aiki na waje, wanda ke riƙe da kuɗin wani aiki yana jiran bayani, zai cike gurbin da zatonsa, kuma zato ba ya cika yi wa mutum adalci.

A kula kada garin gyaran gira a rasa ido. Wanda ya ji daɗin aya yakan fara sara ko'ina, har ya rubuta “Because the road is closed.” ya tsaya. Wannan guntu ne, mai karatu yana nan yana jiran ƙarashen magana. Gwajin tambayar nan yana kama shi shi ma, domin ba ya mayuwa tambaya ko ɗaya.

Mai yawan karatu zai ce ai manyan marubuta suna yi. Gaskiya ne. Charles Dickens ya buɗe labarinsa na birane biyu, wanda ya fito a 1859, da jerin jimloli da waƙafi kaɗai ya raba, kuma babin ƙarshe na littafin Ulysses na James Joyce, na 1922, shafuka ne masu yawa kusan babu alama ko ɗaya. Amma su da gangan suka yi, don su kwaikwayi yadda tunani ke kwarara, kuma babu kamyon da ke tsaye a duwan yana jiran a fahimce su.

Wanda ke ganin maganar alamomin rubutu wasan malamai ce, ya ji abin da ya faru a Kanada. Kamfanonin sadarwa biyu, Rogers da Aliant, sun yi yarjejeniya ta shekara 5 a kan amfani da turakun da ake rataya wayoyi. Saboda waƙafi guda a sakin layin da ya yi maganar soke yarjejeniyar, hukumar sadarwa ta ƙasar ta yanke a 2006 cewa Aliant na iya fita da sanarwar shekara ɗaya tun kafin wa'adin ya cika. A 2007 hukumar ta juya hukuncinta, bayan an kawo mata kwafin yarjejeniyar na Faransanci, wanda ma'anarsa ba ta da harshen damo. Ba jimla maras birki ba ce a can, waƙafi ne ya zauna inda bai kamata ba, amma dangin ciwon ɗaya ne. Akwai kuma abin ɗauka ga mu da ke aiki da harsuna biyu: in yarjejeniya tana da nauyi, a rubuta ta da Faransanci da Ingilishi, a sa hannu a kan duka biyun, a kuma faɗa a ciki wanne ne za a bi in sun saɓa.

Ga wanda ke da magatakarda ko ɗa ɗan lise da ke rubuta masa wasiƙu, ba sai ya iya Ingilishi ba kafin ya bincika aikin. Ya sa a karanta masa wasiƙar, a fassara masa ita aya zuwa aya, ana tsayawa a kowace. In ya ji an ambaci ranar lodi da ranar biya da adadin kaya duka kafin a kai aya guda, ya ce a koma a raba su, kowace magana da layinta.

A mako mai zuwa za mu duba yadda ake rubuta kwanan wata da adadin kuɗi, domin 03/04 a wasiƙar Amurka 4 ga Maris ne, a tamu kuwa 3 ga Afrilu, kuma waƙafin da ke raba dubbai a Ingilishi shi ne ke nuna ɓarin lamba a Faransanci.