Kowace Fuska Da Irin Manta

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata al'ada da na ke gani a ɗakunan kwananmu, watau aron man shafawa. Mutum ya ga fuskar ɗan'uwansa tana sheƙi, sai ya ce, "Sam mini irin naka." Bayan mako biyu ƙuraje su feso masa, ya shiga zagin mai. A ganina man ba shi da laifi. Fata ce ba iri ɗaya ba.

A cikin fatar kowane mutum akwai waɗansu 'yan jakunkuna masu fitar da maiƙo, sun fi yawa a goshi da hanci da haɓa. Na wani suna zubo da yawa, na wani kaɗan. In kana so ka san naka, ka wanke fuska da safe, kada ka shafa kome, ka dakata kamar awa guda, sa'an nan ka manna takarda marar kauri a goshi da kumatu. In ta ɗauko maiƙo ko'ina, kai mai maiƙo ne. In ta fito a bushe, fuska kuma tana ɗaure maka kamar fatar ganga, kai mai bushewa ne. Da yawanmu kuwa tsakani mu ke: goshi da hanci suna naso, kumatu furu-furu.

To, mai busasshiyar fata, ban ga abin da ya fiye masa man kaɗe ba, wanda iyayenmu mata su ke yi da ƙwallon kaɗanya tun kaka da kakanni. Ya murza ɗan kaɗan a tafin hannu har ya narke, ya shafa tun fuska ba ta gama bushewa ba, gama aikin mai shi ne ya tsare ruwan da ke cikin fata kada iska ta kwashe. Amma mu da muka zo daga arewa sai mu tuna ba gida mu ke ba. Can hunturu ya kan fasa leɓe da diddige, dole a lafta mai. Nan kuwa iska tana da laima, zufa ba ta ƙarewa. Wanda ya zo da laftawar gida, wuni zai yi yana kama ƙurar alli da fuska.

Mai maiƙo shi ne ya fi shan wahala, domin kowa likitansa ne. Wannan ya ce man kwakwa, alhali kuwa man kwakwa ya kan toshe ƙofofin fata, ƙuraje su ƙaru. Wancan ya ce ya dirje da soso sau biyar a rana. Sau biyu ya isa, safe da dare, da hannu kawai. Sabulun salo yana da kyau gare shi, amma a san irinsa: da toka a ke yinsa, ta ɓawon ayaba ko ta ɓawon koko, don haka yana da kaifi. A yi kumfa a hannu, a shafa, a ɗauraye nan da nan. Mai bushewa kuwa, da wanda kome kaɗan fuska ta kan yi masa zafi, su rage shi ƙwarai. Ƙuraje kuma ba a matsa su. Baƙin tabon da ya kan biyo baya ya fi ƙurjin daɗewa a fata irin tamu.

Waɗansu sun ɗauka duk abin da ya fito daga gona ba ya cuta. Ashe barkono ba daga gona ya fito ba? Ruwan lemun tsami, in ka shafa ka fita rana, yana iya ƙona fata ya bar baƙi wata da watanni. Kowane sabon abu, ko zuma ce, a fara gwada shi a cikin dantse, a kwana biyu a gani.

Akwai kuma masu neman canja launi da sunan gyaran fuska. Waɗansu mayukan bilicin suna da zaiba a ciki, wadda ta ke lalata ƙoda. Waɗansu suna sa fata ta yi sirirta har jijiyoyi su bayyana, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Saboda haka ne hukumar NAFDAC ta yi shela a 2023 cewa bilicin ya zama babbar matsalar lafiya a ƙasa. Baƙin da a ke wankewa ɗin nan shi ne garkuwar fata daga rana. Mu da za mu tsaya gaban aji, 'yan mata ƙanana za su dubi fuskar malama kafin su dubi allo, abin da ta shafa kuma shi za su roƙi uwa ta saya.

Ƙyasfi da makero ba na man kaɗe ba ne, ko na sabulu. Ƙwayar cuta ce, mai irinsu ya tafi ɗakin magani. Ina kuma roƙon malamin kiwon lafiya ya ware mana darasi guda a kan fata kafin mu fita koyon koyarwa.