Canjin Murhu: Araha Ba Ta Ado

Ko shakka babu, cikin abubuwan da ke damun magidanta 'yan Arewa mazauna Kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko zuwa Sabon Badun da Fatakwal, har da maganar abin da za a ɗora tukunya a kai. Shekaru aru-aru risho ne gatan talaka. Amma tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin kananzir a 2016 farashinsa ya yi ta hawa, har lita ɗaya ta wuce Naira 1,000 a ƙarshen 2022. Wannan ne ya tilasta wa jama'a ajiye risho su koma ga murhun gas.

To, sai dai magidanci da yawa kuɗin murhun kaɗai yake lissafawa. Bayan murhu akwai tukunyar gas, ta kilo 3 ko 6 ko 12.5, akwai regileta da tiyo da maɗaurinsa, ga kuma ladan mai haɗawa. Da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 duk waɗannan kaya suka ƙara tsada, domin yawancinsu daga waje ake shigo da su. A 2024 cika tukunyar kilo 12.5 ya haura Naira 15,000 a wurare da dama.

Abin takaici shi ne, tsadar ta sa mutane suna rage kuɗi a inda bai kamata ba. Wani ya sayi tsohuwar tukunya mai tsatsa a bakin hanya, wani ya haɗa sabon murhu da tiyon da ya tsattsage, wani kuma ya kira yaron maƙwabci ya ɗaura masa don gudun biyan gwani. Alhali kuwa gas ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaye sai ya kwanta a ƙasan ɗaki, ƙyastin ashana ɗaya ya isa. A gidan haya mai ɗakuna goma, inda kowa ke girki a bakin ƙofa, sakacin mutum ɗaya kan shafi gida duka. Mutanen Ikko ba su manta da gobarar gas ta Baruwa ba, a watan Oktoban 2020, wadda ta ci rayuka da gidaje.

Komawa ga kurfoti ma ba mafita ba ce, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mai barci.

Saboda haka ya wajaba magidanci ya yi lissafin kayan gaba ɗaya kafin ya taɓa aljihu. Ya duba shekarar da aka ƙera tukunya, domin wa'adinta shekara 15 ne. Idan zai canja murhu ya canja tiyo tare. Bayan an haɗa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa, akwai yoyo.

Ya kamata Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su kafa adashin sayen waɗannan kaya a sari, su kuma san masu haɗawa na kirki. Hukumar SON kuwa, aikinta ne ta kwashe ruɓaɓɓun tukwane daga kasuwa. Gwamnatin da ta yi shelar shekaru goma na gas a 2021, a murhun talaka za a auna alkawarinta.