Wa Ya Kwashe Hatsin 1942?

Jama'a, masu hikima sun ce waiwaye adon tafiya. A makon nan za mu waiwayi yunwar da aka yi a ƙasar nan zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Ita ce yunwar 1942 da 1943, wadda tsofaffi suka laƙaba wa suna 'Yar Gusau, don can ne mutane suka yi ta dosa, wasu da jakuna wasu a ƙasa, neman abin sa wa a tukunya. In ka tambayi masu mulki, sai su ce fari ne, daga Allah ne, sai haƙuri. Gaskiya ne damina ta yi gardama a arewacin ƙasar Hausa a lokacin. Amma fa fari ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu sun san shi, shi ya sa suka gina rumbu, su kan ajiye damman gero har su kwana biyu ba a taɓa ba. To, ina hatsin rumbunan nan ya tafi? Ina kuma majiya ƙarfin da za su noma wani?

Amsar tana can nesa, a gabashin duniya. Ran 15 ga Fabrairu 1942 sojan Japan suka ƙwace Singafo daga hannun Ingila, bayan sun ci ƙasar Malaya. Daga Malaya kuwa daular Ingila ke samun yawancin kuzarta, wadda a ke bukata don kayan yaƙi. Da hanyar nan ta toshe, sai idon Landan ya komo kan tudun Jos. Gwamna Bodilan, watau Bernard Bourdillon, ya sa hannu a kan dokar aikin tilas, aka yanka wa larduna yawan mazajen da za su kawo, har da Lardin Katsina. Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci kuma ya shiga gari da dogari. Wannan shi ne abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum kusan dubu ɗari zuwa haƙar kuza, kowane rukuni ya yi wajen wata huɗu.

Wa a kan ɗiba? Kowa ya san amsa. Ɗan hakimi ba ya zuwa, ɗan attajiri ya fanshi kansa. Wanda ba shi da akuyar da zai kai gaisuwa, shi ne sunansa ke hawa takarda. Wata huɗu kuwa, in sun faɗa cikin damina, noman shekara ke nan ya tafi. Gandun da aka cire wa mutum biyu majiya ƙarfi, sai tsoho da yara su yi noman fari, ciyawa ta cinye sauran kafin maimai.

Can kuma a Jos da Bukur da Barikin Ladi, mutumin da ya saba da zafin ƙasar Katsina ya tarar da sanyin dutse, ba bargo, ba ɗakin kirki, ba isasshen abinci. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, amma aka ce su haƙa da yunwa. Ciwon haƙarƙari da atuni suka yi ta ɗaukarsu. Inda abin ya fi muni shi ne wurin ginin madatsar ruwa ta Tenti, inda aka yi ta binne mutane. Dubbai suka gudu, suka kama hanyar gida a ƙasa. Har a Majalisar Ingila sai da aka ta da maganar. Abin takaici kuma, duk da wannan taron jama'a da aka tara, ƙarin kuzar da aka samu bai taka kara ya karya ba, har aka soke ɗiban a 1944.

Wannan hannu ɗaya ke nan. Ɗaya hannun kuwa shi ne ya shiga rumbu. Leburorin kuza da soja sai sun ci, sabo da haka gwamnati ta yanka wa kowace En'e buhunan dawa da gero da za ta tara, a kan kuɗin da gwamnati ta ƙayyade, wanda bai kai na kasuwa ba. Aka kuma hana fatake fita da hatsi daga lardi zuwa lardi sai da izini. Mu nan kudancin Katsina, daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, ruwanmu ya fi na Daura da Kaita, ƙasarmu ta dawa ce, ga kuma tashar jirgi a Funtuwa kusa da mu. Albarkar nan ita ce ta jawo mana ido. Dawar da a da za ta hau jaki ta nufi arewa ta ceci 'yan'uwanmu, ko ta kwana a rumbu don Yuli da Agusta, sai ta hau jirgi ta nufi bariki.

Har wa yau ana matsa wa manomi ya ƙara gyaɗa da auduga, domin Ingila ta rasa man girkin da ta ke samu daga gabas. Haraji da jangali ba su fasa ba, da tsabar kuɗi kuma, da kaka, sa'ad da hatsi ya fi araha. Ga kuɗin taimakon yaƙi da aka yi ta tarawa don sayen jiragen sama. Gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya a kanti. 'Yan kasuwa, ku kun fi kowa sanin wannan lissafi. Manomi ya sayar da mudu da arha da kaka don ya biya haraji, ya komo ya saye shi da tsada da damina, in ma ya samu.

Daga nan sai gida ya fara zubewa daki-daki. A sayar da akuya, a sayar da jaki, a sayar da tasoshin uwargida. A ci bashin dami ɗaya a biya biyu. A jinginar da gona, mai ita ya koma ƙwadago a cikinta. A koma cin tafasa da yaɗiya da dusa, a tone gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara. Yaran da aka yaye da tsofaffi su ne na farkon tafiya. Nawa suka mutu? Gwamnatin da ta san yawan kowane namiji baligi da kowace saniya don haraji da jangali, ba ta bar mana ƙidayar mamatanmu ƙauye-ƙauye ba. Kai ka san darajarka wurin mai mulki ta abin da ya ke ƙirgawa.

Kada kuma wani ya ce Turawa ba su sani ba. A 1913 damina ta ɓaci, shekara biyu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ana tsakiyar rububin gyaɗa. A 1914, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, yunwar Kakalaba ta kashe dubban mutane a Lardin Kano. Sun sami shekara 28 na koyon darasi. A Indiya ma haka suka yi. A 1943 mutum wajen miliyan uku suka mutu da yunwa a Bengal. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, ɗan ƙasar, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa shinkafar da ke Bengal a 1943 ta fi ta 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Kuɗin yaƙi ne ya ta da farashi har ya fi ƙarfin talaka. Wani malamin jami'a, Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ya yi bincike, ya nuna a 1983 yadda haraji da cinikin gyaɗa suka raunana rumbun Bahaushe.

Ma'aikatan gwamnati da tsadar nan ta dame su sun yi yajin aiki a 1945, aka saurare su. Manomi ba shi da ƙungiya, ba shi da ƙuri'a, ba shi da jarida. Wannan rashin bakin magana na cikin abin da ya sa aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950.

Turawa sun tafi tun 1960, amma hanyar da yunwa ke bi ba ta sake ba: a raba manomi da gonarsa, a raba hatsi da mai bukatarsa. A shekarun nan 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyuka da yawa na Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, har suna yanka wa manoma kuɗi kafin girbi. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a asibitocinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar.

Sabo da haka muna kira. A tsare manomi lokacin shuka da lokacin girbi. A gina rumbun gwamnati a kowace ƙaramar hukuma, a buɗe shi da damina, manoma da 'yan kasuwa su zauna cikin kwamitin rabo, kada a tambayi kowa katin jam'iyya. Kada a rufe kasuwa ko hanya sai an shawarci masu cin abinci a cikinta. A riƙa ƙirga yaran da tamowa ta kashe, a karanta wa jama'a. Ku kuma 'yan'uwanmu masu sayar da hatsi, ku ji tsoron Allah, kada ku ɓoye buhu kuna jiran maƙwabci ya galabaita. Kowane reshe kuma ya zauna da tsofaffin garinsa, ya rubuta sunayen waɗanda ɗiban gwamna ya tafi da su, tun masu tunawa suna da rai.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.