Fitilar wurin kaya ba gayu ba ce

Masu ƙera motocin shiga daji irin su Land Cruiser sun yi wa inji da ƙafafu gata, amma da aka zo hasken ciki sai suka yi rowa: ɗan ƙwai a tsakiyar rufi, wanda da an jibga buhuna da jarkoki shi ke nan an rufe shi. Direban da taya ta fashe masa da tsakar dare tsakanin Agadas da Dirku ya san zancen, yana laluben jak da sifana, tocila a baki. Don haka ƙara fitilar LED a baya dabara ce mai kyau, ga shi ba ta cin wuta: zirin LED mai tsawon mita guda bai cika wuce wat 15 ba. Inda nake da ja shi ne haɗin. Wani mai wayarin sai ya fere wayar da ta fi kusa, ya murɗa, ya naɗe da salatif, babu fis. A hanya mai gargada waya na ta gugar ƙarfe har robarta ta cinye, ga jarkar fetur a gefe! A sa fis kusa da batir, a ba fitilar makunninta daban. A kuma tambayi ƙarfin wutar motar, domin wasu tsofaffin masu dizal bolt 24 ne, fitilar 12 nan take za ta ƙone. Gam ɗin bayan zirin kuwa ba ya jure zafin Afrilu, gara a ɗaure shi da kilif.