Maganin Maƙoƙo Ba Maganin Ƙiba Ba Ne

Jama'a, a gaban wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo. In aikinsa ya yi rauni, sai mutum ya riƙa jin sanyi da kasala, jiki ya yi ƙiba. Likita yakan auna jini, ya ba da ƙwayar levothyroxine, a sha kowace safiya da ruwa, minti 30 kafin karin kumallo.

To, waɗansu sukan ce, tun da ɗaya ta rage ƙiba, ai biyu sun fi. A ganinmu wannan ganganci ne. Ƙibar da ciwon nan ke kawowa ba ta cika wuce kilo 5 ba, yawancinta ma ruwa ne. Wanda ya ninka magani, zuciyarsa za ta riƙa bugawa da sauri, barci ya gagara, ƙasusuwa su yi rauni.

Sauran ƙibar kuwa, maganinta yana cikin akushi. A rage tuwo da mai da sukari, a ƙara rama da zogale, a yawaita tafiya a ƙasa. Bayan mako 6 zuwa 8 a koma asibiti a sake auna jini. Ku tuna, sauri ya haifi nawa.